Makoko da Ganvie: Ƙauyukan masunta biyu, makoma biyu

Duk matafiyin da ya hau gadar Third Mainland a Legas, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12, idan ya duba gefen Yaba zai hango dubban gidajen katako tsaye a kan turaku cikin ruwa, hayaƙin bandar kifi yana tashi a samansu, kwalekwale suna kai da komowa a tsakaninsu. Wannan ita ce Makoko, ƙauyen masunta da birni ya zo ya tarar, sannan ya kewaye shi ta kowace fuska. Kimanin kilomita 120 yamma da nan, kusa da birnin Kwatano a Jamhuriyar Benin, akwai wani ƙauyen mai kama da shi, Ganvie, wanda shi ma a kan ruwa aka gina shi, mutanensa kuma dangin na Makoko ne a harshe da sana'a. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne, hukumomin Benin suna sanya hoton Ganvie a takardun tallata ƙasarsu, su kuwa hukumomin Legas sun fi tuna Makoko a ranar da za a aika takardar gargaɗin tashi.

Maganar ta taso ne saboda yadda Najeriya ta mai da hankali ga bakin teku a 'yan shekarun nan. A watan Agustan 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, ya ɗora Adegboyega Oyetola a kanta. A watan Maris na 2024 aka fara aikin babbar hanyar da za ta bi gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700. A watan Oktoban wannan shekarar kuma aka haɗe ma'aikatar yawon buɗe ido da ta fasaha da al'adu a ƙarƙashin Hannatu Musa Musawa. Kowane jawabi a kan waɗannan ayyuka yana alƙawarin baƙi da otal-otal da kuɗin waje. Abin da ba a cika ji ba shi ne makomar mutanen da suka riga kowa zama a bakin ruwan. Tarihin waɗannan ƙauyuka biyu ya nuna cewa ƙauyen masunta ba ya zama wurin yawon buɗe ido sai mazaunansa sun sami tabbacin zama da ruwan sha da makewayi. Wanda ya fara da baƙo kafin mai gida, ya ɗauki gini daga rufi.

Su wane ne mutanen Makoko

An kafa Makoko fiye da shekara 100 da suka wuce. Masunta 'yan ƙabilar Egun da suka fito daga yankin Badagry da kuma ƙasar da a yau ake kira Benin ne suka fara kafa bukkoki a wurin, daga baya Ilaje da Ijaw da Yarabawa suka biyo su. Har yau ana jin harshen Egun da Yarbanci da Faransanci a kan ruwan. Abin da mutanen waje ke kira Makoko a dunƙule unguwanni ne shida: Oko Agbon da Adogbo da Migbewhe da Yanshiwhe suna kan ruwa, Sogunro da Apollo kuma suna kan tudu. Kowace tana da mai unguwarta, wanda ake kira Bale, shi ke raba gardama, shi ke nuna inda sabon gida zai tsaya.

Ƙiyasin yawan jama'ar wurin ya sha bamban ƙwarai, daga ƙasa da mutum 100,000 zuwa sama da 200,000. Wannan tazara kaɗai ta isa shaida. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, kuma shekaru da dama ɓangaren Makoko na kan ruwa yana fitowa a taswira kamar ruwa tsagwaro, babu gida babu hanya. Sai a 2019 ƙungiyar Code for Africa ta horar da matasan unguwar, cikinsu har da 'yan mata, suka yi amfani da jirage marasa matuƙa da wayoyin hannu suka zana taswirar mashigan ruwa da makarantu da wuraren shan magani da na ibada. Jami'in tsare-tsare ya san ma'anar haka: wurin da ba ya cikin taswira ba ya shiga kasafin kuɗi, ba a ja masa famfo, ba a tura masa malami ko ungozoma.

Duk da haka unguwar tana ciyar da birni. Maza suna fita da taru da koma cikin tafkin Legas, wasu har teku. Mata suna banda kifin, suna kai shi kasuwannin Oyingbo da Yaba da sauransu. Akwai masu sassaƙa kwalekwale, akwai masu jan gungumen itace ta ruwa zuwa injinan yankan katako, akwai masu nutso su ɗebo yashin gini. Alƙaluman da jami'an gwamnati suka sha ambatawa sun ce ƙasar nan tana buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba sosai, sauran sai an sayo daga waje da dala. Mafi yawan abin da ake kamawa a gida ƙananan masunta ne ke kamo shi, irin waɗannan masu kwalekwale. Ƙasar da ke kukan ƙarancin kifi tana korar masunta daga bakin ruwa, ta zama kamar mai kukan targaɗe yana neman karaya.

Tarihin katafila

Tsoron da mutanen Makoko ke kwana da shi yana da asali. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Kanar Raji Rasaki ta rushe Maroko, unguwar da aka ƙiyasta mazaunanta sun kai 300,000, bisa hujjar cewa wurin yana ƙasa da matakin teku kuma yana da haɗari ga lafiya. Daga baya an cike wurin da yashi, a yau yana cikin filaye mafi tsada a Afirka ta Yamma, tsakanin Victoria Island da Lekki. A watan Yulin 2012 aka ba mazauna wani ɓangaren Makoko wa'adin awa 72, sannan aka zo da adduna da zarto aka sassare turakun gidaje, dubban mutane suka koma kwana cikin kwalekwale, aka kuma harbe ɗaya daga cikin shugabannin al'ummar. Tsakanin Nuwamban 2016 da Afrilun 2017 aka share Otodo Gbame, ƙauyen masunta Egun a yankin Lekki, inda ƙungiyar Amnesty International ta ce an raba sama da mutum 30,000 da muhallinsu. A watan Yunin 2017 Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke hukuncin cewa korar mutanen bakin ruwa ba tare da isasshiyar sanarwa da wurin sake tsugunarwa ba ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Hukuncin bai hana sojojin ruwa tashin mazauna Tarkwa Bay a watan Janairun 2020 ba.

Adalci ne a faɗi hujjojin gwamnati, domin ba dukansu ne na banza ba. Manyan wayoyin lantarki sun ratsa ta saman ruwan Makoko, gina gida a ƙarƙashinsu kasada ce ta gaske. Gobara a unguwar katako ba ta da birki. Ruwan da gidajen ke tsaye a kai shi ne masai, shi ne juji, kuma a birnin da cutar kwalara ta ɓarke a tsakiyar 2024 babu mai hankalin da zai raina wannan. A Tarkwa Bay an yi zargin fasa bututun mai. Sai dai kowace daga cikin waɗannan matsaloli tana da maganin da bai kai rusa gari ba. Ana iya auna tazarar da doka ta tanada daga wayar lantarki, a ɗauke gidajen da suka shiga ciki, a ba masu su wuri a gefe. Ana iya kama ɓarawon mai a gurfanar da shi. Abin da ya sa mutane ba sa yarda da hujjar lafiya shi ne abin da idonsu ya gani ya tsiro a Maroko da Otodo Gbame bayan an kore su: rukunin gidajen masu hali.

Tushen matsalar yana cikin doka. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa dukan filayen jiha a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon soke mallaka saboda amfanin jama'a, diyya kuwa tana tafiya ne ga mai takarda. Masuncin da kakansa ya kafa turaku a cikin ruwa ba shi da takardar shaidar mallaka, babu ma ofishin da ya saba bayar da ita a kan ruwa. Ƙari a kan haka, an daɗe ana ja-in-ja tsakanin Jihar Legas da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta tarayya, NIWA, kan wanda ke da iko da ruwan, har Kotun Ƙoli ta ba Gwamnatin Tarayya gaskiya a watan Janairun 2024. Mutumin Makoko ya zama ɗan tsakiya: idan ana maganar haraji da iko kowa nasa ne, idan ana maganar famfo da asibiti ba na kowa ba ne.

Abin da Benin ta yi da Ganvie

Ganvie tana cikin tafkin Nokoue, a ƙaramar hukumar So-Ava, arewa da Kwatano. Mutanen Tofinu ne suka kafa ta sama da shekara 300 da suka wuce, lokacin da suke gudun mayaƙan da ke farautar bayi. Labarin da ake bayarwa a can shi ne, addinin gargajiyar maharan ya hana su yaƙi a kan ruwa, don haka ruwa ya zama garkuwa. Mazaunanta dubbai ne masu yawa, suna da kasuwarsu ta kan kwalekwale, suna kuma da wata dabarar kiwon kifi da suke kira akaja, inda ake kakkafa rassan itace a cikin ruwa kifi ya taru ya yi ƙwai ya girma, sannan a kewaye da taru. Tun 1996 Benin ta sanya Ganvie cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya.

Da gwamnatin Patrice Talon ta ƙaddamar da shirinta na raya ƙasa a ƙarshen 2016, ta ɗauki yawon buɗe ido a matsayin ɗaya daga cikin ginshiƙan tattalin arziki, ta kafa hukuma ta musamman domin wuraren tarihi, ta kuma ware wa Ganvie shiri na kanta da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Faransa, AFD. Abin lura shi ne abubuwan da shirin ya ƙunsa. Ban da gyaran tashar jiragen ruwa ta Abomey-Calavi inda baƙi ke hawa, akwai ruwan sha da wutar lantarki da tsaftar muhalli da gyaran wuraren taruwar jama'a. Masu shirin sun gane cewa abin da baƙo ke biyan kuɗi ya gani shi ne gari mai rai, da mata masu tuƙa kwalekwale zuwa kasuwa, da yara masu zuwa makaranta ta ruwa. Idan mutanen suka watse, abin da zai rage turaku ne da kainuwa.

Kada mai karatu ya ɗauka Ganvie aljanna ce. Talauci yana nan, kainuwa tana toshe mashigai a wasu watanni, kifi yana raguwa saboda yawan masunta da dattin da birane ke turowa cikin tafkin. An daɗe kuma ana ƙorafin cewa kuɗin baƙi yana tsayawa ne a hannun masu jirage da kamfanonin yawo na kan tudu, shi ya sa matan garin da dama ke kau da kai ko su rufe fuska idan aka ɗaga musu kyamara. Amma akwai abu ɗaya da mutumin Ganvie yake da shi wanda ɗan uwansa na Makoko ba shi da shi: yana kwana da sanin cewa gwamnatinsa tana son garinsa ya ci gaba da zama a inda yake. A kan wannan tabbaci ake gina komai.

Akwai misali na nesa da ya fi wannan ƙarfi. A ƙasar Brunei, daular Musulunci a kudu maso gabashin Asiya, ƙauyen Kampong Ayer yana tsaye a kan kogi a tsakiyar babban birnin ƙasar tun ɗaruruwan shekaru. Gwamnati ta ja masa famfo da lantarki, ta gina makarantu da masallatai da asibiti da ofishin 'yan kwana-kwana duk a kan turaku, kuma yana cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta a ƙasar. Brunei tana da arzikin mai da jama'a kaɗan, ba za a kwatanta aljihunta da na Legas ba. Darasin dai shi ne, zama a kan ruwa ba shi ne ke kawo ƙazanta ba. Rashin famfo da magudana ne ke kawo ta.

Daga ina za a fara

Mataki na farko ba ya cin kuɗi da yawa, amma shi ne mafi wuya a siyasance: a amince a rubuce cewa Makoko unguwa ce ta halal, a shata iyakarta, a ba al'ummar takardar haya ta bai-ɗaya mai dogon zango. Ƙasar Tailan ta gwada irin wannan tun 2003 a shirinta na gyaran unguwannin talakawa, har da na bakin magudanan ruwa a Bankok, inda ƙungiyar gama-kai ta mazauna ke riƙe takardar fili, gwamnati kuma ta ba da rance mai sauƙi. Amfanin takardar bai-ɗaya shi ne dillali ba zai iya bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana saye su da araha ba. Ɗan kasuwa ya fi kowa fahimtar wannan. Babu mai zuba siminti da kwano a rumfar da aka ce ana iya rushe ta gobe. Yawancin lalacewar da ake gani a Makoko lissafi ne na mai hankali: me zai sa ya gina mai ƙwari alhali zarto na iya zuwa kowace safiya? Mutanen unguwar ma ba su zauna jira ba. A 2014, tare da ƙungiyar kare haƙƙi ta SERAC da masana gine-gine, sun miƙa wa gwamnatin jiha tsarin sabunta gaɓar Makoko da Iwaya. Wannan takarda ce ya kamata ta zama mafarin tattaunawa.

Mataki na biyu ruwa ne da makewayi. A halin yanzu mutane suna sayen ruwan sha daga masu rijiyar burtsatse da tankuna, suna ɗaukar shi a jarkoki cikin kwalekwale, kuma kamar yadda aka sani a kowane birni, talaka mai sayen jarka yana biyan fiye da mai famfo a gida. Najeriya ta ɗauki alƙawarin kawo ƙarshen bahaya a fili zuwa 2025, wa'adin ya zo ba a kai ko kusa ba, ko da yake Jigawa ta nuna abin mai yiwuwa ne da ta zama jiha ta farko da aka ba shaidar a 2022. A kan ruwa ba a haƙa masai, don haka sai dai banɗakin jama'a mai tanki rufaffe da jirgin kwasa mai zuwa a kan lokaci, da kwale-kwalen kwasar shara. Aiki ne da matasan unguwa za su iya riƙewa a biya su, muddin akwai wurin da hukuma ta tanada a kan tudu domin zubarwa da tacewa.

Mataki na uku sana'a ce. Matan da ke banda kifi suna wuni cikin hayaƙin itace da dusar katako, abin da ke cin ido da ƙirji, yana kuma barin sinadarai a jikin kifin da ke hana shi shiga kasuwannin Turai. Maganin wannan ba sabo ba ne. Tun wajejen 1969 aka ƙirƙiro murhun Chorkor a wani ƙauyen masunta na Accra mai wannan suna, wanda ke rage cin itace, daga baya kuma hukumar abinci ta duniya FAO ta fito da ingantaccen murhu a Senegal wanda ke raba kifi da hayaƙi kai tsaye. Cibiyar binciken teku ta Najeriya da ke Legas ita ma tana da nata samfurin. Idan aka haɗa wannan da ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana a mashigin kifi, mace ba za ta karyar da kayanta da yamma don tsoron ruɓewa ba. Wannan kuɗi ne da zai shiga aljihu kowace rana, da baƙo ko babu baƙo.

A nan ne labarin makarantar kan ruwa yake da amfani. A 2013 masanin gine-gine Kunle Adeyemi ya gina wata makaranta mai hawa uku da ke yawo a kan durom-durom na roba sama da 250, da tallafin hukumar UNDP da wata gidauniya ta Jamus. Hotonta ya zagaye duniya, kuma a watan Mayun 2016 samfurinta ya ci lambar yabo a baje kolin gine-gine na birnin Benis a Italiya. Bayan 'yan kwanaki, a farkon watan Yuni, ainihin ginin da ke Makoko ya rushe sakamakon ruwan sama da iska. Allah Ya kiyaye babu wanda ya rasa ransa, domin an riga an kwashe ɗaliban watanni kafin nan. An yi ta musu a kan mai alhakin gyara da kulawa, kuma wannan musun shi ne darasin. Gini mai ban sha'awa da babu kasafin kula da shi, babu kuma hukumar da ta ɗauke shi a matsayin nata, yana ƙarewa ne a hoto. Ma'aikatan gwamnati sun san irinsa a kowace jiha: aikin da aka yanke ƙyalle a kansa da kiɗa, bayan damina biyu ya koma gidan jemagu.

Baƙo ya zo, amma da sharaɗi

Ko a yanzu ana kai baƙi Makoko. 'Yan jarida da masu ɗaukar bidiyo na YouTube da 'yan yawon buɗe ido suna shiga da kwalekwale, su biya wani abu ga jagora ko mai unguwa, su ɗauki hotunan yara cikin baƙin ruwa, su fita. Wannan kallon talauci ne, kuma bai canza rayuwar kowa ba in ban da 'yan tsiraru. Kasuwar kuwa tana nan da gaske. A watan Disamba Legas kan cika da 'yan Najeriya mazauna waje da abokansu, kuma jihar tana shirin faɗaɗa sufurin ruwa da jirage masu aiki da lantarki a ƙarƙashin shirin Omi Eko, wanda ita AFD ɗin da ke tallafa wa Ganvie take cikin masu zuba masa kuɗi. Ana iya haɗa zango guda na tarihin ruwa: Makoko, sannan Badagry mai gidajen tarihin cinikin bayi da benen da 'yan mishan suka gina a 1845, sannan a tsallaka iyakar Seme zuwa Ganvie da Ouidah.

Sharaɗin shi ne tsari. Mashiga ɗaya, farashi a rubuce, rasit, da asusun al'umma da ake karanta lissafinsa a bainar jama'a. 'Yan jagora da matuƙa su kasance 'ya'yan unguwa masu horo da rigar kariya ga kowane fasinja, domin hatsarin kwalekwale ɗaya ya isa ya kashe kasuwar shekara goma. A ƙayyade yawan baƙi a rana. Kada a ɗauki hoton mutum sai da izininsa, na yaro kuwa sai da izinin iyayensa. Abin da za a nuna wa baƙo shi ne gwaninta: sassaƙar kwalekwale, saƙar taru, tseren jirage, abincin kifi, tarihin Egun. Wani kaso sananne na kuɗin shiga ya tafi kai tsaye ga banɗaki da makaranta, yadda matar da ba ta taɓa magana da baƙo ba za ta ga ribar zuwansa.

Arewa tana da abin faɗa a nan. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, UNESCO kuma ta amince da shi a 2016, ya yi suna ne saboda masuntan Kabi suna nan da sana'arsu da Sarkin Ruwansu da ƙa'idojinsu na hana kamu a Matan Fada sai ranar biki. Shekaru kusan 10 da aka yi ba a gudanar da shi ba kafin ya dawo a 2020 sun kuma nuna cewa yawon buɗe ido kasuwa ce mai saurin tsinkewa. Rashin tsaro ko annoba ko canjin gwamnati na iya tsayar da ita dare ɗaya. Saboda haka ya zama ƙari a kan su, kada ya maye gurbin su.

Me ya shafi ɗan kasuwar Kano

Wani zai ce ina ruwan mai shago a Kantin Kwari ko ma'aikaci a Kaduna da gidajen katako a Legas. Ruwansa yana da yawa. Dokar da ta bar masuncin Makoko ba takarda ita ce ta bar dubban 'yan Arewa masu sana'a a Legas cikin irin wannan hali. 'Yan kasuwar Alaba Rago, waɗanda suka shafe shekaru da dama a wurin, sun ga takardar wa'adin tashi a 2022, da hujjoji masu kama da waɗanda aka karanta wa mutanen bakin ruwa. Ko mai takarda ma bai tsira ba, domin a 2024 aikin hanyar gaɓar teku ya cinye wani ɓangare na wurin shaƙatawa na Landmark, kamfani mai rajista da ma'aikata. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙa'idar da kotu ta kafa a 2017, cewa babu tashi sai da sanarwa da shawara da wurin komawa, kariya ce ga mai rumfa a Mile 12 da mazaunin ƙauyen da Abuja ke tunkarowa, kamar yadda take kariya ga masunci.

Gaɓar tekun Najeriya ta kai kilomita 853, kuma sabuwar hanya za ta ratsa kusa da ɗaruruwan ƙauyukan masunta a Ogun da Ondo da Delta da Bayelsa da Ribas da Akwa Ibom da Kuros Riba. Duk inda kwalta ta isa, farashin fili zai tashi, dillalai za su biyo baya. Abin da aka yi da Makoko shi zai zama ma'auni. Idan Legas, wadda ta fi kowace jiha kuɗin shiga, ta iya shata iyaka, ta ba da takarda, ta ja famfo, sannan ta buɗe ƙofa ga baƙi, sauran jihohi za su sami abin koyi. Idan kuwa ta bi hanyar Maroko, za a wayi gari da gaɓar teku mai otal-otal da katanga, kifin da ke kan teburinsu daga waje aka sayo shi, jikokin masunta kuma suna gadi a ƙofa.